Wayar Salula Ma Wa'adi Gare Ta, Don Me Ba A Faɗa Wa Mai Saye?

Duk ɗan kasuwar da ya kwana biyu yana juya kuɗin Sefa ba zai manta da ƙarshen shekarar 2004 ba. A lokacin ne babban bankin ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, wato BCEAO, ya janye tsofaffin takardun kuɗi samfurin 1992, ya kuma yanka wa'adi daga 15 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba cewa kowa ya kai nasa a canza masa. Mutanen karkara sun ji jiki, domin wanda ya ɓoye 'yan kuɗinsa a tukunya ko ƙarƙashin katifa sai da ya yi tattaki zuwa birni ya bi layi. Haka masu hulɗa da Naira suka ɗanɗana a farkon 2023, lokacin da babban bankin Nijeriya ya sa 31 ga Janairu a matsayin ranar ƙarshe ta tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, kafin kotun ƙoli ta shiga tsakani. Duk da wahalar da aka sha a waɗannan lokuta biyu, akwai abu guda da ba mai musunsa: an faɗi rana. Rediyo ya faɗa, an faɗa a masallatai da tashoshin mota, wanda ya yi asara ma ya san ranar da ta ci shi.

To, yau akwai wata dukiyar da ke aljihun kusan kowane dillalin hatsi da na dabbobi, da kuma jakar iyayenmu mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun daga Urafane har Tasawa da Mayahi, wadda ita ma wa'adi gare ta. Sai dai nata wa'adin ba sanƙira ke shelarsa ba, ba a faɗarsa a rediyo, ba a kuma rubuta shi a jikin kwali. Wayar salula nake nufi, musamman babbar nan mai shafawa da ake WhatsApp da ita. Kamfanin da ya ƙera ta ya san lokacin da zai juya mata baya. Babban ɗan kasuwar da ya saro ta daga Dubai ko Sin, in ya so, yana iya bincikawa ya sani. Wanda ya ƙirga jika 40 ko 50 na guminsa ya miƙa a ranar kasuwa, shi ne kaɗai ba shi da labari.

Don mai karatu ya gane inda aka dosa, waya rai biyu gare ta. Akwai gangar jiki, wato gilashi da batir da lasifika da wurin caji. Wannan in ya lalace mai gyara na bakin tasha yana iya taɓawa. Sannan akwai manhaja, wato tsarin da ke cikinta wanda ke sa ta yin duk abin da take yi. A yawancin wayoyinmu sunanta Android, ta kamfanin Google ce. A iPhone ana ce mata iOS. A kwamfuta kuwa Windows ce aka fi sani. Ita manhaja tamkar ginin ƙasa take, sai da yaɓe. Kullum ana gano wata ɓaraka a jikinta wadda ɓarayi za su iya bi su shiga, masu ita kuma su aiko da faci ta intanet a toshe. Ranar da kamfani ya ce ya daina yaɓen, ginin ba ya faɗuwa nan take. Waya tana kunnuwa, tana ƙara, ana kira ana amsawa. Amma daga ranar duk tsagar da ta buɗe ta buɗe ke nan, kuma sannu a hankali sauran manhajoji, irin su WhatsApp da na aika kuɗi, sai su fara kwashe kayansu suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ba hasashe ba ne, an riga an gani sau da yawa. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin Nokia masu Symbian a ƙarshen Yunin 2017, ya bar BlackBerry a ƙarshen wannan shekarar, ya bar Nokia Asha da 'yan uwanta a ranar 31 ga Disamban 2018. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 ya sallami masu Android 2.3, a ranar 1 ga Nuwamban 2021 masu Android 4.0, sannan a ranar 24 ga Oktoban 2023 ya ce duk wayar da ba ta kai Android 5.0 ba ya yi hannun riga da ita. A 2025 abin ya faɗa kan iPhone 5s da 6 da 6 Plus, da kuma ƙananan wayoyin nan masu madannai da ke aiki da manhajar KaiOS, waɗanda aka yi ta tallarsu ga talakan Afirka da Indiya da cewa ga WhatsApp a araha. BlackBerry kuwa, wadda a da riƙe ta alama ce ta mutum ya tara, a ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin ya rufe hidimar tsofaffin samfurorinsa, har ya yi gargaɗin cewa ko kira da saƙo ba shi da tabbacin za su ci gaba da tafiya.

In za a yi adalci, WhatsApp yakan aiko da gargaɗi a cikin wayar kafin ya janye. Amma a rubuce yake aikowa, galibi da Faransanci ko Turanci, a ƙasar da manyan da suka iya karatun boko ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma a cikin mata abin ya fi haka ƙasa. Hajiyar da ke cinikinta da saƙon murya ba don komai ta zaɓi murya ba sai don rubutun bai dame ta ba. In wani rubutu ya tare mata fuskar waya, sai ta miƙa wa yaro ta ce ya kawar mata da shi. Wani abin takaicin kuma, tunda babu wuri guda tabbatacce da za a duba, kusan kowane ƙarshen shekara sai an yi ta yawo da jerin sunayen wayoyin da wai za su mutu ranar 1 ga Janairu, rabi gaskiya rabi ƙarya. Wasu su firgita su karyar da waya mai sauran rai, wasu kuma, da yake sun ji irin wannan bara ba abin da ya faru, su toshe kunne har ranar da ta gaskiyar za ta zo.

Wani zai ce, to don WhatsApp ya tsaya sai me, da can da me ake ciniki? Mai wannan magana bai san yadda kasuwa ta koma ba. Tun farkon shigowar salula Nijar, wata malamar jami'a 'yar Amurka mai suna Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Wato tun a zamanin kira kawai, waya ta hana a yi wa mutum sakiyar da ba ruwa. Yau kuwa abin ya wuce nan. Mai wake a Urafane yana jin farashin Dawanau ta Kano da na Jibiya da Mai'aduwa kafin ya ɗaure bakin buhu. Mai kiwo yana tura hoton ragonsa ga mai saye a Yamai ko Maraɗi tun Layya da saura wata guda. Canjin Naira da Sefa, wanda kan juya tsakanin safe da yamma, a waya ake jinsa. Cibiyar RECA ta manoma tana amsa tambayoyin manoma da Hausa ta saƙon murya, mutum ya ɗauki hoton tsutsar da ta kama masa gona a gaya masa magani. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, mota ta tsaya amma saƙon murya bai tsaya ba, da shi aka riƙe abokan ciniki na tsallake.

Bugu da ƙari, waya ta zama littafin bashi. Mutane da yawa ba su da wata shaida ta cewa wane ya karɓi buhu goma zai biya bayan kasuwa biyu, in ban da muryarsa da ke ajiye a WhatsApp. Ta kuma zama lalita, tunda ga MyNita ga AmanaTa ga Airtel Money, ɗan ci-rani a Libiya ko Aljeriya ko Legas yana turo na cefane ta nan. Saboda haka ranar da manhaja ta ƙi buɗewa, ba hira kaɗai aka rasa ba.

Amma mutuwar da ake gani da ido, wato ranar da WhatsApp ya ƙi buɗewa, ita ce mai sauƙi. Mai haɗarin ita ce wadda ke riga ta zuwa da shekaru, ba tare da ko alama ba: ranar da facin tsaro ya daina zuwa. A duba wannan lissafi. Android 5.0 da WhatsApp ya amince da ita a 2023, tun 2014 ta fito. Shi kuwa Google sababbin zubi uku ko huɗu na baya-bayan nan kawai yake yi wa faci. Android 12 da ta fito a 2021 ma ya daina kula ta a 2025. Ke nan waya tana iya shafe shekara biyar ko fiye tana WhatsApp lafiya lau alhali ƙofarta a buɗe take, mai ita yana zuba kuɗi a ciki yana barci da munshari.

Me ke iya shigowa ta wannan ƙofa? A watan Yulin 2015 masu bincike suka fallasa wata ɓaraka da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta shafi wayoyin Android kimanin miliyan 950, inda saƙon hoto ko bidiyo guda ɗaya ya isa a kutsa cikin wayar mutum. Bayan wannan abin kunya ne Google da Samsung suka fara fitar da faci wata-wata, aka kuma fara nuna kwanan watan faci na ƙarshe a cikin waya, abin da za mu koma kansa nan gaba. Kusa da gida kuma, a watan Agustan 2020 wani kamfanin bincike mai suna Upstream ya ba da rahoton samun muguwar manhaja a cikin wayoyi kusan 53,000 samfurin Tecno W2 a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru da Masar da Afirka ta Kudu, tana cinye wa mutane data tana yi musu rajistar abin da ba su nema ba. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce daga wajen wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, ya kuma fitar da gyara. Madalla. Amma gyara ta hanyar sabuntawa yake isowa, wayar da aka daina aika wa sabuntawa kuwa ko an samo maganin ba mai kai mata. Manya ma ba su tsira ba: a watan Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta kama na'urori sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, asibitocin Ingila suka soke ganin likita kusan 19,000, har sai da Microsoft ya koma ya yi wa Windows XP facin gaggawa, alhali tun Afrilun 2014 ya yi mata sallama.

Abin da ke ƙara dagula lamarin a wajenmu shi ne maganin da ake nema in waya ta tsufa. Sai a nufi rumfar mai caji ko mai tura waƙoƙi, ya ce kawo jika ɗaya in sa maka wani WhatsApp ɗin da ya fi na asali, irin su GB WhatsApp. Waɗannan ba na kamfanin ba ne, ba wanda ya san wanda ya haɗa su ko abin da ya cusa a ciki, kuma shi kamfanin na asali yana rufe lambar da ya kama tana amfani da su. An gudu daga ruwa an faɗa rijiya ke nan. Ba laifin yaran masu caji ba ne kacokan, su ma abin da suka iya ke nan, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani.

Yanzu a dubi hanyar da waya ke bi kafin ta iso hannunmu. Daga masana'anta a Sin ta sauka Dubai ko Legas ko Kwatano, ta kwana a sito, ta hau zuwa kasuwar Farm Centre ta Kano ko shagunan Maraɗi, ta gangaro Tasawa, daga nan wani ya ɗauko 'yan ƙwarori ya baza a tebur ranar kasuwar ƙauye. A kowane zango wadda ta yi kwantai ita ake turawa gaba. Shi kuwa wa'adin manhaja, a al'adar kamfanoni, daga ranar da samfurin ya fito duniya yake fara ƙirga, ba daga ranar da ka yage ledar kwali ba. Don haka waya tana iya zama sabuwa dal a kwali, ba wanda ya taɓa kunna ta, alhali rabin kwananta ya ƙare a sito. 'Yar hannu kuwa, wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka ko ƙasar Larabawa, sau da yawa dalilin da ya sa mai ita na farko ya rabu da ita ke nan. Mu ne wutsiyar layin, abin da kowa ya tsallake shi ke isowa gare mu.

Kuma kamfanonin ba ɗaya suke ba. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 da ya fitar a Oktoban 2023, Samsung ya yi irin wannan alkawari ga Galaxy S24 a Janairun 2024. Amma waɗannan kuɗinsu ya sayi sa, ba su ne a teburin Urafane ba. Masu arahar da talaka ke iya saye galibi alkawarinsu bai wuce shekara biyu ko uku ba, wasu ma ba a yi musu alkawarin komai ba. Haka zancen yake a kwamfuta. Microsoft ya rufe babin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta hawa kan tsofaffin na'urori da yawa. Tun a ƙarshen 2023 kamfanin Canalys mai nazarin kasuwa ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama juji saboda haka. Ina ake jin za su nufa? Uwar da ta kwashi adashi ko ta ranto daga asusun Mata Masu Dubara don ta saya wa ɗanta kwamfutar karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ya kamata ta san cewa arahar da za ta gani a 'yan shekarun nan tana da dalili.

To, shin duniya ta zuba ido ne? A'a. Manyan kamfanoni da gwamnatoci su ma abin ya ishe su, domin ma'aikatar da ke da na'urori dubu goma daga kamfani ɗari ba ta iya bin kowanne ta ji ranar mutuwarsa. Matsalar irin ta tiya ce. Kowane ɗan kasuwar hatsi ya san rigimar da ke tashi in tiyar wannan gari ta fi ta wancan zurfi. Haka kamfanonin suke, kowa da tiyarsa: wannan in ya ce kaya sun ƙare yana nufin ya daina sayarwa, wancan yana nufin ya daina faci, wani kuma ya ɓoye ranar a can ƙasan wani shafin intanet da sai mai haƙuri zai tono. A ƙarshen 2023 wata ƙungiyar tsara ƙa'idoji mai suna OASIS Open ta kafa kwamiti, da hannun kamfanoni irin su Cisco da Microsoft da Dell da Red Hat da kuma hukumar tsaron intanet ta Amurka, don a fito da ma'auni guda da suka kira OpenEoX. A bayanin da suka fitar a 2025 sun rarrabe ranakun da kowane mai kaya ya kamata ya bayyana: ranar fitowa kasuwa, ranar daina sayarwa, ranar daina facin tsaro, da ranar da za a janye hannu gaba ɗaya. Kuma a rubuta su a tsari guda wanda na'ura za ta iya karantawa da kanta, ta yadda in an shigar da sunan samfuri amsa za ta fito nan take.

Wannan ma'auni ba doka ba ne, wanda ya ga dama ne ke bi. Masu doka su ne Turawa. Tun 29 ga Afrilun 2024 Ingila ta wajabta wa duk mai sayar da waya da makamantanta ya bayyana mafi ƙarancin lokacin da zai ci gaba da aiko facin tsaro, in ya ƙi tara na iya kaiwa fam miliyan 10. Tarayyar Turai kuma daga 20 ga Yunin 2025 ta sa ƙa'idar cewa sabuwar waya ta samu sabuntawar manhaja na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, kayan gyara na shekara 7, batir kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, ko da yake tuni wasu kamfanoni suka fara yi wa kalmomin dokar fassarar da ta yi musu daɗi. Akwai wata dokar tasu da za ta kankama a ranar 11 ga Disamban 2027, wadda ta ce dole a gaya wa mai saye, tun a lokacin saye, wata da shekarar da kulawa za ta ƙare.

Mu me za mu samu a ciki? Akwai ɗan alheri: wayar da aka yi wa alkawarin shekara biyar ko bakwai, in ta iso mana 'yar hannu bayan shekara uku, da sauran numfashinta. Amma akwai ɗaya gefen. Samfurin da bai cika sharaɗin Turai ba ba za a fasa ƙera shi ba, kasuwar da ba ta tambaya za a nufa da shi. Kuma da zarar Bature ya fara ganin ranar a rubuce, zai riƙa rabuwa da wayarsa daidai lokacin da ta kusa, dillalai su kwaso. In ba mu tanadi namu ma'aunin ba, dokar da ta kare su ita za ta ƙara cika mana tebur da gawa.

A nan ne nake ganin hukumominmu ke da aikin yi, kuma ba aiki ne mai cin kuɗi ba. Hukumar ARCEP a Nijar da NCC a Nijeriya su ke amincewa da samfurin na'urorin sadarwa kafin a sayar da su bisa ƙa'ida. Me zai hana a ƙara layi guda a takardar neman amincewa: wace rana za ku daina aiko da faci? A tara amsoshin a wuri guda, a buɗe wata gajerar lamba da mutum zai latsa ko da ƙaramar waya ya ji amsa da murya. A wajabta wa manyan masu shigo da kaya liƙa ranar a jikin kwali da manyan lambobi, kamar yadda ba mai karɓar gwangwanin madara ko kwalin magani da ba a buga ranar lalacewarsa ba. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. To ga wuri na farko da talaka zai ga amfanin hakan a aljihunsa. Kasuwar Nijar ita kaɗai ƙila ba ta isa ta tanƙwara kamfanin Sin ba, amma hukumomin sadarwar Nijar da Mali da Burkina Faso da suka iya zama a Yamai a watan Nuwamban 2024 suka sa hannu kan soke kuɗin yawo da layi a tsakaninsu, suna iya zama kan wannan ma. In kuwa Nijeriya ta sa irin wannan sharaɗi, da yake ta Kano yawancin kayan ke biyowa, mu ma mun huta.

Na san masu sayar da waya za su ce ana so a kashe musu kasuwa, wasu kuma su ce talaka bai da kuɗin mai dogon kwana. Duka biyun suna da abin dubawa, shi ya sa ban ce a hana shigo da tsohuwar waya ba. Hani a ƙasashenmu, kowa ya sani, ƙarin shinge ne a hanya da ƙarin na goro, kayan kuma su shigo ta bayan gari da tsada. Tsohuwar tunkiya ma ana sayar da ita a kasuwa, ba wanda ya ce haramun ne, amma da kuɗin tsohuwa ake sayenta. Mai neman wayar kallon fim da jin wa'azi ya sayi wadda wa'adinta ya wuce a kuɗinta, mai ajiye jari a ciki ya ƙara kuɗi ya sayi mai sauran kwana. Mai shagon da ya fara faɗin gaskiyar nan ma shi zai riƙe abokan ciniki, domin a gari irin Tasawa ko Mayahi wanda ka sayar wa yau gobe a masallaci ɗaya za ku yi sallah. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu gyaran waya ba sai sun jira doka daga Yamai ba kafin su sa wannan a cikin sharuɗɗansu.

Kafin a kai can, akwai abin da mai saye zai iya yi da kansa. Ba mai sayen rago ko saniya bai buɗe baki ya duba haƙora ba, komai ƙibar dabbar da kyan gashinta. Ita ma waya tana da haƙora. A sa mai shago ya kunna ta, a shiga wurin saiti, wato Paramètres ko Settings, a gangara zuwa À propos du téléphone ko About phone. Abu biyu ake nema: lambar Android, da kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. In akwai intanet a sa ta nemi sabuntawa a gabanka, domin wadda ta daɗe a kwali dole ta nuna tsohon kwanan wata, abin dubawa shi ne ko za ta jawo sabo. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da ɗansa ɗan makaranta, kamar yadda ake tafiya da wanda ya san dabba. Bashin da ke cikin saƙon murya kuma a sa a kwafe shi a littafi tun waya na da rai, a kuma sa wa WhatsApp lambar sirri ta biyu.

Kaka ita ce lokacin sayen waya a wannan yanki, in an sayar da wake da gyaɗa da riɗi kuɗi sun shigo hannu, kuma masu tebur sun san haka, a lokacin suke fito da kwantan shekara. Wayar da aka nemi sabuntawa ta jawo faci na 'yan watannin nan, a yi cinikinta yadda aka saba. Wadda ta tsaya a shekara guda baya, a rage mata kuɗi sosai. Wadda kuwa ta kafe a 2021 ko 2022 ta ce ba wani sabo, komai ƙyallin gilashinta da yawan idanun kyamararta, a taya ta kuɗin rediyo mai hoto, in mai ita ya ce albarka a matsa tebur na gaba.